Ragon Inna Dije da Baƙin Shafina

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya hore mana alƙalami tun ba a san kwamfuta ba, Ya kuma raya mu har muka ga zamaninta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Samarin da ke zuwa shagona a bakin kasuwa nan Daura sukan tsaya a bayana su ga na ɗora hoton rago a shafi, su ga mutane suna shigowa suna tambaya, sai su ce, "Baba Malam, ai kai ka huta. Daga danna nan sai danna can." Wani ma ya taɓa ce mini da wayarsa kaɗai zai yi abin da nake yi kafin shayinsa ya huce. Ban yi masa musu ba. Saboda irinsu na zauna nake wannan rubutu, don su san abin da ke cikin sana'ar kafin su sa hannu.

Asalina marubuci ne. Na tashi a zauren mahaifina ina feƙe alƙalamin gamba, ina dama tawada da ƙaro, har hannuna ya zauna a rubutun ajami. Da shi na ci na sha shekaru masu yawa. Ina kwafar littattafai ga malamai, ina rubuta wasiƙa ga wanda ɗansa ya tafi ci-rani. Boko kuwa da gemuna na koye shi a ajin manya. Da wayar hannu ta shigo, masu wasiƙa suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. A shekarun nan kuma aka dawo da shari'a, mutane suka riƙa neman takardun kai ƙara da na gado bugaggu da na'ura. Sai in rubuta da hannu, in kai shagon wani mai kwamfuta ya buga. Sunansa Habu, mutumin Mashi, sa'ar ɗana na fari. Yau da gobe na zama almajirinsa a wannan fanni, shi kuma bai taɓa fasa kirana Baba Malam ba.

Ranar da ya fara ba ni linzamin kwamfuta, riƙon alƙalami na yi masa, ina ɗaga shi sama ina neman inda zan dangwala. Habu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba Malam, ba a tsoma shi a tawada. Ajiye shi ƙasa ka ja."

"To ai shi ya sa ba shi da albarka," na ce masa.

Idona ma ya daɗe yana fara duba allon daga dama. Habu bai gaji da ni ba. Shi ne kuma, bayan wasu shekaru, ya kawo shawarar mu buɗe shafi a intanet, irin wanda yaran yanzu ke kira bulog. Ya ce matan ƙauyukanmu suna kiwon raguna a cikin gida, ba su zuwa kasuwa, abin da dillali ya dawo ya faɗa musu shi ke nan. Ga kuma 'yan Daura mazauna kudu suna neman ragon layya na gida, ba su da wanda zai duba musu. Ya ce shi ya san na'ura, ni kuma gidaje sun san ni, an yarda in yi sallama a zaure.

Aikina na farko wani rago uda ne na maƙwabcinmu. Na ɗauke shi hoto ya yi kyau, na ɗora yadda ya fito daga kyamara. Muka aika wa wani a garin Babban Mutum ya buɗe ya gani. Da yamma ya bugo waya ya ce tun azahar yake jira, ƙahon ragon kaɗai ya fito, datarsa kuma ta ƙare. Nan na koyi darasin farko. Hoton da ya fito daga kyamara buhun gero ne, sabis ɗin ƙauye kuwa ramammen jaki. Sai ka rage wa hoton nauyi, ka yanke gefensa, ka matse shi har ya zama abin da ƙaramar waya za ta ɗauka, amma kada ka matse shi har gashin dabbar ya zama kamar kunu. Wanda ya shigo shafinka ya jira bai ga komai ba, ya tafi ke nan, kuma zai gaya wa wani.

Kayan aikina ba su da yawa. Kyamara, kwamfutar cinya, farantin sola da batir, da wani farin yadi da nake ratayawa a bayan dabba don kada shanyar mutane ko ƙofar ɗakin matar gida ta shiga hoto. Wannan yadin ya fi kyamarar muhimmanci a wurina, domin cikin gidan mutum ba abin nuna wa duniya ba ne. Sai ɗan dusa a aljihu. Rago ba ya ɗaga kai don ka roƙe shi, amma in ya ji ƙanshin dusa sama da hancinsa zai miƙe ya nuna wuya da ƙirji. Ba na ɗauka da tsakar rana, farin rago yakan ƙone a hoto. Hantsi ko bayan la'asar.

Na taɓa ɓata wata guda ina rubuta bayanin kowace dabba da ajami mai kyau, ina ɗaukar takardar hoto ina ɗorawa. Na ɗauka jama'a za su yi ta tururuwa. Shiru. Habu ya duba ya ce, "Baba Malam, injin binciken nan makaho ne. Ba ya ganin hoto, sai abin da aka buga masa da haruffa a ƙasa." Tun daga ranar kowane hoto yana da suna da bayani da boko: balami ne ko uda, na wane gari, ya karya haƙori ko bai karya ba. Amma ban bar ajamin ba, domin akwai dattawan da shi kaɗai suke karantawa, kuma su ne masu yanke shawarar saye a gidajensu. Daga baya na ƙara murya, ina karanta bayanin da bakina, saboda wanda bai iya ko ɗaya ba. Dabba ɗaya, aiki uku.

Bidiyo kuwa ba don ƙawa nake sa shi ba. Ragon layya yana da sharuɗɗa. Ba a yi da gurgu, ba a yi da mai ido ɗaya, ko marar lafiya, ko ramamme. Hoto yana iya ɓoye ɗingishi, bidiyo ba ya iyawa. Saboda haka sai an ja ragon ya yi tafiya ya juyo, na nuna idonsa na dama da na hagu, kunnuwa da wutsiya, a buɗe bakinsa a ga haƙora. Gajere nake yi, don datar mutane. Wanda ke Fatakwal ba zai iya shafa bayan ragon ba, idona ne idonsa. In na ɓoye masa aibi, ibadarsa na ɓata, ba cinikinsa kaɗai ba.

Samarin sun fi son su ji yadda ake tara baƙi. Ni baƙi nake ce wa masu shiga shafi, domin yadda ake riƙon zaure haka ake riƙonsa. Duk Litinin, bayan an ci kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, sai na sa labarin yadda farashin dabbobi ya kwana, ko da rago ɗaya ban samu na ɗorawa ba. Mutum ya san in ya leƙo zai tarar da sabon abu. Wanda ya yi sallama a ƙasan rubutu ina amsa masa, in tambaye shi iyali. Ba na sa kan labari irin na "Innalillahi, ku zo ku ga abin da ya faru," mutum ya shigo a firgice ya tarar da tunkiya. Da irin wannan za ka tara jama'a yau, jibi ka nemi ko ɗaya ka rasa. A haka baƙina suka riƙa ƙaruwa a hankali. Habu ya sa wani ɗan ma'auni a kusurwar shafin mai ƙirga masu shigowa, kullum da safe shi yake fara dubawa, yana ƙorafin ba ya gudu.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda Babbar Sallah ta faɗo a farkon damina. Wani mai babur ya kawo mini saƙo daga Sandamu, cewa wata dattijuwa, Inna Dije, tana son ganina. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata suna gidajen aurensu, ita kaɗai take zaune da kiwonta. Da na yi sallama aka ce in shigo, abin da na fara gani ɗakinta ne. Ɗakin ƙasa, azarar tsakiya ta lanƙwasa, an tokare ta da gungumen itace. Duk wanda ya san gini ya san ba zai kai ƙarshen damina ba.

"Ka gani da idonka, Malam," ta ce. "Kwano nake so in sa. Abin da zan sa shi da shi kuwa ga shi can."

A bayan madafi, a turke, ga wani abu tsaye lulluɓe da tsohon zani tun daga wuya har gindi. Ta tsaya ta dube ni sai da na ce tubarkalla, masha Allah, sannan ta yaye zanin. Na ga raguna a rayuwata, amma ban taɓa ganin balami irin wannan ba. Fari tas, bayansa shimfiɗe kamar gado, wuyansa ya yi ninki. Tun yana ɗan ƙarami take ba shi dusa da harawa da kowar wake da ɗan kanwa, bai taɓa taka ƙofar gida ba. Ɗan Fari take kiransa. In baƙuwa ta yi sallama, kafin ta amsa sai ta rufe shi, saboda tsoron kambun baka.

"Dillali ya zo ya taya shi kamar yana taya ɗan akuya," ta ce. "An ce kai kana nuna wa mutanen nesa. Amma tsaya in tambaye ka. Wannan abin naka, mutum nawa ke leƙa shi?"

"Ba su da yawa, Inna. Masu neman rago ne, yawancinsu 'yan ƙasar nan da ke zaune kudu."

Gaskiya na faɗa mata, haka abin yake a lokacin.

"To, na ji. Ka dai sani ko maƙwabciyata ba ta taɓa ganinsa ba zani ba."

Na rataya yadina, na ajiye turmi a gefensa don mai kallo ya gane girmansa, na ɗauka. Hasken la'asar ya sauka a bayansa yadda ake so. Ban taɓa yin hoto mai kyansa ba, kuma har yau ban sake ba.

Washegari wani Alhaji Mamman, ɗan Daura mai sayar da kayan gini a Fatakwal, ya bugo ya ce ya gani yana so. Suka daidaita da Inna Dije ta waya a kan abin da zai ishe ta kwano da katako da ladan kafinta. Ya ce direbansa zai zo ya ɗauka ana gab da Sallah. Da a nan abin ya tsaya, da babu labari.

Wani daga cikin baƙin ya kwafi hoton ya kai dandalin sada zumunta, ya rubuta a kai wai ga ragon da ya fi saniya. Daga can wani ya ɗauka, wani ya ɗauka. Na iso shago da safe na tarar da Habu tsaye, ya kasa zama.

"Baba Malam, zo ka ga ma'auni! Gudu yake kamar mitar gidan mai!"

Mutane ne daga ko'ina, garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Na zauna ina karanta abin da suke rubutawa. Wannan ya ce, "Kai! Wannan rago ne ko giwa?" Wancan ya ce, "Wallahi ƙarya ne, haɗi ne." Wani ya ce shi kaɗai zai cinye cinyar. Habu yana murna, yana cewa yanzu masu talla za su neme mu.

Ba a jima ba mai babur ɗin nan ya dawo ya ce Inna Dije ta ce in zo yanzu. Na tarar da Ɗan Fari kwance, cikinsa ya kumbura ta hagu, ya daina tuƙa, dusa na gabansa ko kallo ba ya yi. Jikar maƙwabciyarta ce ta ga hoton a waya ta kawo mata, ta ce ai duniya duka ta gan shi. Inna Dije ba ta ɗaga mini murya ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, sannan ta zauna.

"Malam, mutum nawa suka gan shi?"

"Sun fi mutanen Sandamu yawa, Inna."

"A cikinsu nawa ne suka ce tubarkalla?"

Na ciro waya na yi ta ja da yatsa ina dubawa, tana kallona. Na samu kaɗan, ba su cika yatsun hannu ba. Na gaya mata.

"Ni da na hana mace ɗaya ta gan shi," ta ce. 

Na koma Daura na ɗauko malamin dabbobi a babur. Ya danna cikin ragon, ya shinshina kwanon dusa, ya ce jiƙaƙƙiyar dusa ce ta yi tsami saboda zafi, ta kumbura shi. Ya ɗura masa magani. Inna Dije ta ce, "Dusar da yake ci tun yana shan nono ita ce yau za ta kayar da shi? Sai da aka gan shi ta san tsami?" Malamin ya dube ni, yana so in sa baki. Ni kuwa na san dusa tana tsami, na kuma san ido gaskiya ne, haka muka karanta. Ban ga abin da zai sa in zaɓi ɗaya in bar ɗaya ba. Na ce a ci gaba da magani, na karanta abin da ya sawwaƙa na tofa masa.

A hanya na tsaya gindin wata bishiya inda sabis ke kamawa, na kira Alhaji Mamman na gaya masa.

"Haba Malam, ba zai warware kafin Sallah ba?"

"Allah ne Masani, Alhaji. Amma ko ya tashi zai zube. Ba zan ce maka wanda ka gani a hoto shi za a kawo maka ba. Kada in riƙe ka ka rasa layya."

Ya ce Allah Ya ba shi lafiya, ya nemi wani ragon a can.

Da na iso shago na ce wa Habu a sauke hoton da bidiyon. Shekarunmu tare ba mu taɓa sa-in-sa ba sai ranar.

"Baba Malam, shekara nawa muna neman jama'a? Yau Allah Ya kawo su, ka ce a kore su? Kuma ko ka sauke, ai yana hannun dubban mutane. Me zai canza?"

"Abin da ke hannunsu ba ni da iko da shi. Wanda ke zaurena nawa ne. Matar nan ta tambaye ni tun farko, na ce mata kaɗan ne."

"To ai ba kai ka kira su ba!"

"Ta ƙofata suka shigo, Habu."

Ya sauke, yana ƙunƙuni. A wurin hoton na sa murya. Na yi sallama, na ce ragon da kuka gani na wata dattijuwa ne da ta yi shekara tana wahala da shi don ta rufe ɗakinta, yanzu yana kwance ba lafiya, an fasa cinikinsa. Na ce ba kuɗi nake roƙo ba. Duk wanda ya san ya kalle shi ya yi mamaki bai ambaci Allah ba, ya dawo ya ce tubarkalla, ya yi masa addu'a.

Yawancin taron nan ba su dawo ba, sun riga sun wuce wani abin kallon. Ma'aunin Habu ya koma tafiyar hawainiya. Amma tsofaffin baƙina, waɗanda nake amsa wa sallama duk Litinin, suka fara aiko da murya. Wani direban tirela daga hanyar Legas, ana jin ƙarar mota a bayansa. Wata mata daga Damagaram. Wani ɗalibi daga Madina. Wani ma ya ce, "Ni ne na ce giwa, Allah Ya yafe mini, tubarkalla masha Allah." Na tattara su duka a waya na tafi Sandamu.

Inna Dije ta saurari na farko da na biyu, sai ta karɓi wayar daga hannuna. Ta tafi turke ta durƙusa, ta kara ta a kunnen ragon.

"Ji, Ɗan Fari. Naka ne, ba nawa ba."

Ya kaɗa kunne. Haka ta riƙe masa har muryoyin suka ƙare, ta ce a maimaita na Madinan.

Sallah ta zo ta wuce yana kwance yana tashi. Ni kuma labari ya riga ya zaga ƙauyuka, daga Sandamu har Baure, cewa mai kyamarar nan ya sa an cinye ragon Dije da baki. Gidajen da na saba shiga, sai in yi sallama a aiko a ce matar gidan ba ta nan, alhali ina jin dakanta. Wata ta aiko mini cewa in cire hoton tunkiyarta na bara, tunkiyar da an riga an yanka an cinye. Dillalai suka samu abin faɗa a kasuwa. Lokacin da ya kamata shafi ya cika da raguna, ba ni da abin sawa sai labarin kasuwar Lahadi. Na ci gaba da sa shi duk Litinin. Habu ya koma buga takardu, ni na koma kwafar littattafai da hannu don cefane.

Ruwa kuwa bai jira kowa ba. Wani hadari da ya taso daga gabas ya sauke rabin rufin ɗakin Inna Dije a kan gadonta. Allah Ya sa tana madafi. Can ta kwashe sauran kayanta ta koma, ita da ragon, labule ne kawai tsakaninsu.

A hankali Ɗan Fari ya koma tuƙa, ya fara cin harawa, ya miƙe. Ko maganin ne, ko addu'ar, ko duka biyun, ban sani ba, ban kuma bincika ba. Sai dai ya zube, kasuwar rago kuma ta faɗi kamar yadda take yi bayan Sallah. Ana cikin haka Alhaji Mamman ya bugo.

"Malam, an yi mini haihuwa. Ragon tsohuwar nan yana nan?"

"Yana nan, ya warke. Amma ba shi ne na hoton ba, ya ragu. Bari in ɗauko maka sabon bidiyo, kai kaɗai."

"Bar shi. Kai ka ce mini ba shi da lafiya lokacin da shirunka zai fi maka riba. In ka ce ya warke, ya warke."

Bai biya kuɗin da aka daidaita kafin Sallah ba, kuma babu wanda zai zarge shi. Abin da ya bayar ya sayi kwano da katako na ɗaki ɗaya, surukinta ya tara abokansa suka buga mata. Gadon dai bai tashi ba, a tabarma ta ƙarasa daminar, amma a ƙarƙashin rufi.

Bayan wannan na zauna da Habu na ce ba zan sake ɗora dabbar kowa a buɗe ba. Ya ce to a rubuta tubarkalla a allo a rataya wa kowane rago a wuya, duk wanda ya ga hoton ya karanta. Na ce sunan Allah ba zai shiga turke ba, inda ake kashi da fitsari. Muka yi ta juyawa har ya gano yadda zai yi wa shafin ƙofa. Mai shigowa zai fara tarar da kalmar da rubutun hannuna na ajami, da boko a ƙasa, sai ya danna sannan hoto ya buɗe. Ya kuma sa sunan shafin a jikin kowane hoto, ya toshe hanyar kwafa iyakar iyawarsa.

"Baba Malam, ka sani duk ƙofar da ka ƙara, rabin mutane za su juya."

"Waɗanda za su juya ba rago suka zo saye ba."

Gaskiyarsa, sun ragu, kuma ba su sake kai yawan na wancan makon ba. Masu talla ba su neme mu ba. Na riƙa bin gidaje da wayata ina nuna wa mata ƙofar ta hannun mazansu. Wasu suka ce a gani tukuna. Kowa yana jiran abin da Dije za ta yi.

Da wata Sallar ta matso, mai babur ya sake zuwa. Na tarar da ita a inuwar sabon kwanonta, ga wani abu a turke lulluɓe da zanin nan dai. Na nuna mata ƙofar, na bayyana mata yadda take aiki. Ta juya wayar, ta dubi rubutun.

"Hannunka yana da kyau, Malam. Amma wa ya ce maka suna karantawa? Ai dannawa kawai za su yi su wuce. Kunna abin naka mai ɗaukar magana."

Na kunna. Ta gyara mayafi ta juya wa kyamarar baya don kada fuskarta ta fito, ta kama bakin zanin da hannu ɗaya, ta ɗaga murya kamar mai yi wa yaran unguwa magana ta kan katanga.

"Ku da ke ciki, salamu alaikum. Kowa ya ce tubarkalla. Ina jira."

Ta tsaya shiru, tana jira da gaske. Sai da ta ga ya isa, sannan ta ce, "Yauwa," ta yaye zanin.

Da izininta, wannan muryar ce a ƙofar shafina har yau, da shirun da ke tsakiya, ban yanke ko kaɗan ba. Inna Dije ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Gidajen da suka rufe mini sun buɗe a makon da aka ji ta sake kirana. Samarin da ke tsayawa a bayana sukan ce shirun nan ya yi tsawo, yana korar mutane, in rage shi. Sai in ce musu su matso su zauna, in kunna daga farko. Ban taɓa ganin wanda ya kai ƙarshen shirun bakinsa a rufe ba.